Baƙar tawada, farar takarda, da tsuntsayen da na biyo har Hokkaido

Tunda na dawo daga Japan duk wanda muka haɗu tambayarsa ɗaya ce, ya jirgin ƙasan nan nasu mai gudu, da gaske ne titunansu ko tsinke babu. Toh jirgin na hau kuma yana gudu ba ƙarya, amma ni abun da na dawo dashi a raina tsuntsaye ne, wasu an zana su da baƙar tawada a kan takarda wasu kuma na gansu da ransu tsaye cikin dusar ƙanƙara, kuma har yau in na rufe ido sai su cakuɗe min in rasa wanne ne na takarda wanne ne mai numfashi.

Ƙanena ke karatu a Kyoto, shi ya matsa sai nazo, muka tsayar da farkon Janairu lokacin hutunsu na sabuwar shekara. Ni sana'ata buga fosta da katin biki ce a Kano, kullum ina gaban kwamfuta ina fama da kala, wannan yace a ƙara ja wancan yace ruwan gwal ɗin bai fito ba. Amma tashina a Nguru ne, kuma a makarantar allonmu ni ne mai haɗa tawada, in daka gawayi ya yi laushi liƙis, in jiƙa ƙaro, in haɗa in tace da tsumma in zuba a kurtu. Ku riƙe wannan maganar dan za mu dawo kanta.

Ta Addis Ababa na bi na sauka a filin jirgin Narita kusa da Tokyo, sanyi kam ba'a magana, ya wuce duk wani hunturu da na sani. Washegari ƙanena yace "Yaya yau ba kasuwa za mu ba, akwai wani zane da ake fito dashi farkon shekara, kamar sati biyu a mayar dashi ɗaki, in muka bari ya wuce sai baɗi." Muka hau jirgi zuwa Ueno inda babban gidan adana kayan tarihi na Tokyo yake, wanda asalinsa tun 1872 ne. Tun a lambun da ke gaban gidan na fara cin karo da hankakinsu, manya ne baƙi ƙirin daga kai har wutsiya, babu farin ƙirjin nan irin na namu, ga baki kato kamar gatari. Akwai kuma wani tafki a gefe, Shinobazu, cike da busassun karan wata fulawar ruwa mai kama da bado, duk sun kakkarye sun sunkuya, agwagi na ratsawa ta tsakaninsu. Na ɗan tsaya na kalla na wuce, ban san cewa zanen da zan yi sati biyu ina kallo ne aka fara shimfiɗa min a fili ba.

Zanen na wani mutum ne Hasegawa Tohaku, an haife shi 1539 ya rasu 1610, ɗan garin Nanao ne a bakin teku. A jikin shamaki aka yi shi irin mai ninkewa ɗin nan da suke kira byobu, guda biyu, kowanne fai-fai shida, tsayinsa ya ɗan wuce mita ɗaya da rabi faɗin kowanne kuma kamar mita uku da rabi. Itatuwan matsu ne a jiki, wani itace mai ganye kamar allura wanda sanyi baya kaɗe shi. Shikenan fa, itatuwa ne kawai. Wasu baƙi sosai a gaba, wasu sun dusashe a baya, wasu kuma sai ka ƙura ido sannan ka gane akwai su, da wani ɗan kan dutse can sama da ƙyar ake ganinsa, ragowar wajen duk farar takarda ce ba'a taɓa ta ba. Da na matsa kusa sai naga ganyen kamar da tsintsiya aka yarfa tawadar, kaca-kaca ba wani tsari, da na ja baya taku biyar sai ga daji cikin hazo. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, dan na san wannan wajen, hanyar Nguru zuwa Gashuwa ce da sassafe in hazo ya sauka, goruba ta gaba ka ganta ɓaro-ɓaro, ta bayanta kamar inuwa, ta uku kuma sai dai zuciyarka ta gaya maka tana nan. Mutumin bai zana hazon ba ko ɗigo, barin takardar yayi, ita ta zama hazon da kanta.

Ƙanena yake gaya min ɗan Tohaku mai suna Kyuzo wanda shima gwanin zane ne ya rasu 1593 yana saurayi, kuma masana da yawa na ganin bayan wannan rashin ne yayi zanen. Babu tsuntsu ko ɗaya a ciki amma na fi minti talatin tsaye ina jin kamar yanzu wani zai keto daga cikin farin nan. Wannan filin da ake bari suna da suna musamman da suke kiransa, yohaku. Ni kuwa a shago in na bar fili kamar tafin hannu a fosta sai mai aiki yace kuɗinsa ya biya a cika masa, a ƙara fulawa a ƙara tauraro, kuma na daɗe ina jin abun na damuna ban san yadda zan faɗe shi ba sai ranar.

Daga Tokyo zuwa Kyoto awa biyu da 'yan mintuna ne a Shinkansen, jirgin ƙasan nan nasu mai gudu. Ɗakin ƙanena ba nisa da kogin Kamo wanda ya ratsa garin, dan haka kullum bayan asuba in gari ya ɗan waye nake saka riguna uku in fita bakin ruwa. Ruwan bashi da zurfi, kana ganin duwatsun ƙasa, kuma zalɓe ne birjik, masu ruwan toka da farare, kowanne ya kama wajensa ya tsaya cak kamar an dasa shi. Akwai wasu fararen tsuntsayen teku masu jan baki da jar ƙafa da suke zuwa cin sanyi daga can arewa wajen Rasha, sai kuma shirwa tana shawagi a sama, wadda ƙanena ya ja min kunne kar in kuskura in ci burodi a fili dan ta baya take zuwa ta fauce, halinta ɗaya da tamu ta bakin mahauta. Wani zalɓe na saka wa ido wata safiya, wuyansa a naɗe, ƙafa ɗaya a ruwa, ya fi minti goma ko motsi, sai kawai wuyan ya miƙe kamar an saki kibiya ya ɗago da ɗan kifi yana walƙiya. Duk zalɓen da na gani a fadamar Nguru tun ina yaro ban taɓa tsayawa na kalli ɗaya har ya kama kifi ba, sai a ƙasar wasu.

Mutumin da yafi shiga raina a Kyoto shine Ito Jakuchu, 1716 zuwa 1800. Ɗan kasuwa ne fa, gidansu dillalan kayan gwari ne a kasuwar Nishiki, kamar dai kace babban dillali a 'Yan Kaba. Ya gaji harkar ya riƙe ta, da ya kai wajen shekara 40 sai ya miƙa wa ƙaninsa ya koma zane gaba ɗaya. Abun da ake bada labari a kansa shine kaji ya tara a tsakar gida yana zama yana kallonsu, yadda zakara ke ɗaga ƙafa, yadda yake karkata kai in ya ji motsi, har sai da ya haddace su sannan ya ɗau buroshi. Kasuwar tana nan har yau, wani dogon lungu ne mai rufi tsawonsa kusan mita 400, kifi da tsime-tsimen kayan lambu ta ko'ina, kuma da daddare in an rufe shaguna sai kaga zanensa a jikin ƙofofin ƙarfen da aka sauke, zakaru da giwa da damisa a jere, mun koma musamman bayan isha dan mu gani.

Shahararren aikinsa mai kala ne, naɗi 30 na tsuntsaye da furanni da kifaye da ya bayar kyauta ga haikalin Shokokuji, yanzu suna Tokyo cikin kayan da suka fito daga gidan sarauta. Amma a cikin harabar Shokokuji ɗin akwai gidan tarihi, Jotenkaku, inda aka ajiye zanen tawada zalla da yayi a 1759 a bangon wani ɗaki na haikalin nan da aka lulluɓe jikinsa da gwal, Kinkakuji. Ɗaya kurangar inabi ce ta sauko tana lanƙwasa, ganyen wasu duk tsutsa ta huda su, da ɗan tsuntsu a ciki sai ka nema kafin ka ganshi. Ɗayan kuma ayaba ce ƙarƙashin farin wata, ganyenta a yayyage kamar yadda iska ke yi mata. Wannan hudar tsutsa da yagewar ganye su suka sa na yarda da mutumin, dan wanda bai zauna a lambu ba ganye lafiyayye zai zana maka. A 1788 gobara ta cinye yawancin Kyoto har da gidansa, ya ƙare rayuwarsa a gefen wani haikali a Fushimi, ana cewa zane ɗaya yake bayarwa a bashi awon shinkafa.

Shokokuji ɗin kansa tsoho ne, tun 1382, kuma nan ne makarantar wannan zane a da. Asalin abun daga Sin ya zo, malaman addinin Buda na ɗarikar Zen ne suka shigo dashi, ya bunƙasa a zamanin da suke kira Muromachi. Sesshu wanda suke ɗauka uban masu zanen tawada, 1420 zuwa 1506, a nan yayi karatu kafin ya tafi Sin ya ga abun a tushensa. Ni dai kallo ya kaini, ina cire takalmi inda aka ce a cire, in wuce wajen gumakansu in nufi inda zane yake.

Sai Nara, tafiyar kamar minti 45 daga Kyoto. Kowa barewa ke kaishi can, sun fi dubu suna yawo cikin gari suna bin mutane, amma mu tawada ta kaimu, dan kusan duk sandar tawadar da ake yi a Japan daga Nara take fitowa. Sumi suke kiranta, shi yasa zanen ma ake ce masa sumi-e. Akwai wani gida Kobaien da yake wannan sana'a tun 1577, ƙanena ya nema mana izinin shiga tun kafin inzo. Aka buɗe mana wani ɗaki mai duhu, bango baƙi rufi baƙi, ga fitilu jere a kan kanta sahu-sahu, ina ganinsu nace a-ci-bal-bal! Ita ce wallahi, ɗan kasko da mai da lagwani, sai dai an kifa wani murfin ƙasa a saman harshen wutar yadda hayaƙin zai dinga manne masa. Wani ma'aikaci na bi yana ɗan juya murafen dan kar baƙin ya taru waje ɗaya, in ya taru a share shi a hankali a tara. Man na 'ya'yan wani tsiro ne da suke kira natane, wani lokaci man riɗi, kuma siririn lagwani shi ke bada baƙi mafi laushi da tsada. Akwai kuma wadda ake yi da hayaƙin itacen matsu, ita in an sirka ta da ruwa tana ɗan yin shuɗi-shuɗi.

Maimakon ƙaro su gam suke dafawa daga fatar dabba, wanda suke kira nikawa, su kwaɓa da baƙin su saka ɗan turare mai kama da kafur dan ya kashe ƙarnin. Mai kwaɓin da ƙafa yake takawa sannan ya murza da hannu, shi kansa ya koma baƙi har gwiwa, abun na sheƙi kamar tuwon madara baƙi. A danna a mazubin katako, a fito dashi a binne cikin toka mai ɗan danshi, kullum a canza masa toka wadda ta fi ta jiya bushewa dan in ya bushe da sauri tsagewa zai yi, bayan nan a ɗaure da karan shinkafa a rataye a rufi wata da watanni. Kuma da sanyi kaɗai ake aikin saboda zafi na ruɓar da gam ɗin. Aka miƙo min wani ɗan curi da ɗuminsa aka ce in damƙe, na damƙe, shatin yatsuna ya fito a jiki, aka saka min a ɗan akwati aka ce kar in buɗe sai bayan wata uku. Ina tsaye a wajen ina jin ƙanshin sai ga tsakar gidan Malam ta dawo min, turmi da gawayi da ƙaro a jiƙe cikin gwangwani. Baƙin wuta da abun da zai riƙe shi, dabarar ɗaya ce, su sun busar da tasu ta zama sanda har ana gadonta ana alfahari da tsufanta, mu tamu a ruwa take.

Wata dattijuwa ce a unguwar su ƙanena take koyar da zanen a gidanta, ta yarda in zo sau biyu, shi yana mana tafinta. Sensei ake ce mata, wato malama. Ranar farko kusan rabin lokacin a niƙa ya tafi. Ta ajiye min wani baƙin dutse mai ɗan kwari a gefe ɗaya, suzuri, ta ɗiga ruwa tace in dinga goga sandar a hankali ba dannawa, na fi minti ashirin ina yi. Da na fara sauri sai ta dafa hannuna tace wani abu, ƙanena yace "Yaya cewa tayi tawadar tana gane mai gaggawa." Daga nan ta jera ƙananan faranti, wannan baƙi sosai, wannan tsaka-tsaki, wannan kamar ruwan wankin allo, tace a wajensu ana cewa baƙar tawada kala biyar gareta. Ta jiƙa buroshi da mai haske, ta tsoma rabinsa a matsakaiciya, ta taɓa bakinsa kaɗai a mai duhu, ta kwantar dashi ta ja sau ɗaya daga ƙasa zuwa sama tana ɗan tsayawa a kowace gaɓa, sai ga gora, gefe ɗaya duhu gefe ɗaya haske, zagayayya kamar ka kama. Ja ɗaya fa.

Da gora ake fara koyo dama, ita da wasu furanni uku, kuma hakan yayi min daidai dan tun farko na gaya wa ƙanena ni ba zan zana mai rai da hannuna ba, na san maganar malamai a kai kuma raina ya fi kwanciya a haka. Ya faɗa mata, ta gyaɗa kai bata tambayi komai ba tace gora ma ta ishi mutum shekara goma. Takardar tasu washi shan tawada take kamar ƙasa mai ƙishi, in ka tsaya ta bazu ta yi tabo, in ka yi sauri buroshi ya bushe ya bar zane-zanen fari, kuma duka biyun ba kuskure bane a wajensu, kowanne da sunansa da inda ake nemansa. Abun da babu shine gyara. Mu a allo in ka ɓata ka wanke ka sake, a kwamfuta kuma danna maɓalli ne, nan kuwa abun da hannunka yayi ya zauna kenan.

A rana ta biyu da na samu gora ɗaya da ta ɗan miƙe, sai ta jawo takardar gabanta tace bari ta saka min baƙo. Gwara ta zana, suzume, wadda a zanensu kusan kullum tare take da gora, kamar yadda suke haɗa tsattsewa da wani itacen bakin rafi, dinya da kyauro, gaurakansu kuma da matsu, kowane tsuntsu da itacensa da lokacinsa na shekara. Na matso har ina jin numfashinta. Da baki ta fara, ɗan tsini biyu, sai ɗigon ido, sai ta danna cikin buroshi sau ɗaya ya zama kai, ɗigo a kumatu, danni biyu fiffike, ja ɗaya wutsiya, 'yan yatsu siriri riƙe da reshe. Cikin tsuntsun kuwa bata taɓa shi ba sam, farar takarda ce, amma kana ganinsa a kumbure irin yadda gwara ke hura gashinta in ana sanyi. Duka bai kai minti ɗaya ba. Na tambaye ta ta bakin ƙanena ya aka yi ta san inda zata tsaya, ta nuna taga, ashe akwai ɗan faranti da take zuba musu shinkafa kullum da safe shekara da shekaru.

Ita ce ta ɗauko wani babban littafi ta buɗe min zanen Miyamoto Musashi, wanda duniya ta sani da takobi, ya rasu 1645, ashe mai zane ne kuma. Ainihin zanen yana wani gidan tarihi a garin Izumi kusa da Osaka. Wani busasshen reshe ne siriri ya taso daga ƙasan takarda ya miƙe har sama, ja ɗaya ba karkarwa, can ƙoli ɗan tsuntsu ya zauna, mozu sunansa, idonsa a tsaye. Tace in duba tsakiyar reshen. Na duba, ashe wata 'yar tsutsa ce take hawa sama abunta bata san me ke jiranta ba. Shi mozu ɗan ƙarami ne amma mafarauci ne, in ya kama fara ko ƙadangare sai ya tsire shi a jikin ƙaya ya barshi. Da ka san haka sai duk farin da ke tsakanin tsutsar da tsuntsun ya cika da fargaba, na kasa ɗauke ido daga wannan ɗan tazarar. A littafin ne kuma naga zakarun Jakuchu na tawada, wutsiya ja ɗaya ta tashi ta lanƙwaso kamar lauje, gashin wuya kuma ya jera danni kusa da danni yadda wani siririn farin layi ke fitowa da kansa a inda jiƙa biyu suka haɗu, ba farin fenti ko kaɗan.

Duk wannan kallon da nake akwai wata 'yar shakka a raina, ina ganin baƙi da farin nan salo ne kawai na masu zane, sun rage wa duniya kala dan burgewa. Hokkaido ce, tsibirin da ke can arewacin Japan, ta cire min ita. Daga filin jirgin Haneda na Tokyo muka tashi zuwa garin Kushiro, tafiyar awa ɗaya da rabi da ɗoriya, muka kwana a wani ƙauye Tsurui, sunan ma ma'anarsa inda gauraki suke. Tsuntsun tancho suke kiransa, ɗan uwan gaurakanmu ne amma ya fishi tsayi, yana kai kusan mita ɗaya da rabi, in ya buɗe fiffike ya wuce mita biyu. Shine a tambarin jirgin saman Japan, kuma shine a bayan tsohuwar takardar yen 1,000. A da har kusa da manyan garuruwa ana ganinsa shi yasa ya cika zanensu, amma farauta da cinye fadamu bayan 1868 suka kusa ƙarar dashi har aka ɗauka ya ƙare, sai a 1924 aka gano 'yan kaɗan, goma sha wani abu, sun ɓuya a cikin fadamar Kushiro. Manoman wajen ne suka fara watsa musu masara da sanyi, ƙidayar 1952 ta samu 33, yanzu sun haura 1,000 da nisa.

Mun yi asuba muka fita cikin duhu zuwa wata gada, Otowa, a kan kogin Setsuri. Sanyin ya wuce 15 ƙasa da sifili, gashin hancina har daskarewa yake, ga masu kyamara jere kamar sahun sallah kowa tsit. Kogin baya daskarewa saboda ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, shi yasa tsuntsayen ke kwana a tsaye a cikinsa, ƙafarsu ta fi samun ɗumi kuma yanyawa bata iya isa garesu. Da gari ya fara wayewa sai tururi ya dinga tashi daga ruwan, itatuwan bakin kogi duk sun yi fari da ƙanƙara, can nesa sai ga wasu ɗigo-ɗigo, na gaba baƙinsu ya fito, na baya sun dusashe, na bayansu kuma sai dai ka yi zato. Na kamo hannun ƙanena nace kai wannan ai shine na Ueno. Babu kore babu shuɗi babu komai, fari ne da toka-toka da baƙi, ashe mutanen nan abun da idonsu ya gani suka zana, ƙasarsu ce take komawa tawada da takarda in sanyi yayi.

Da hantsi muka je filin da ake zuba musu masara, nan na gansu kusa sosai. Jiki fari tas, wuya baƙi, ƙafa baƙa, da wani baƙin gashi a baya da zaka rantse wutsiya ce, sai da ɗaya ya buɗe fiffike naga ashe gashin fiffike ne, wutsiyar fara ce. A tsakar kai kuma ɗan ja guda ɗaya, wanda ba gashi bane fata ce, daidai girman jan hatimin da mai zane ke bugawa a gefen takarda in ya gama. Wasu biyu suka matso kusa da juna suka ɗaga baki sama, namijin yayi kuka ɗaya dogo macen ta amsa da gajeru biyu, tururi na fita daga bakinsu, sai suka hau tsalle suna rusunawa juna suna watsa ƙanƙara.

Nan gaurakanmu ya faɗo min, mai tukkun gwal a ka, wanda ake cewa shine tsuntsun Najeriya amma yau da wuya ka ganshi a dajin ƙasar. Ni sau ɗaya tak na taɓa ganinsa, a gidan wani mai hali, an yanke masa gashin fiffike yana zagaye tsakar gida shi kaɗai. Baffana kuwa yana bamu labarin yadda suke sauka garke-garke a fadama lokacin yana yaro. Japan ta riga mu da awa takwas, dan haka na jira har ƙarfe uku na rana yadda zai zama bakwai na safe a gida, na kira shi na kunna masa bidiyon da na ɗauka a wayar ƙanena na kara a bakin tawa. Yayi shiru yana saurare har ya ƙare, yace in sake, na sake. Sai yace "A'a ɗana, wannan muryarsa ta yi siriri, namu ya fishi kauri, sunansa yake kira da bakinsa." Nace Baffa yaushe rabonka da ji, yace tun kafin a yi auren babanku. Sannan ya gyara murya, dattijo mai shekara sama da saba'in, ya kwaikwaya min kukan ta cikin waya har sau uku, gau-rak, gau-rak, gau-rak, ina tsaye cikin ƙanƙara safar hannu a cire yatsuna sun sandare ina riƙe da wayar a kunne.